Yadda ƙwayar taifot ke sa hanji ya buɗe mata ƙofa da kansa

Idan damina ta yi nisa, Kogin Kwara ya cika ya batse, mutanen Matsinkai da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo sun san abin da ke biyo baya. Ruwa kan malale fadamu, ya shanye gonakin shinkafa, wani lokaci ya haura har cikin gari, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta ci gonaki masu yawa a Jihar Kebbi. Ruwan da ya bi ta kan shadda da juji shi ne yake gangarawa cikin rijiyoyin da ba su da murfi. Bayan 'yan makonni sai a ga benci a aji babu mai shi. In an tambaya a ce, "Yana gida kwance, taifot ne."

Dukanmu mun san sunan wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kama mutum kusan miliyan 9 a shekara, yana kashe kimanin 110,000, kuma yara 'yan makaranta na cikin waɗanda ya fi addaba. Amma ɗalibai, ko kun taɓa tambayar kanku ta ina ƙwayar ke shiga jiki? Cikin hanjinmu a shafe yake da bango na ƙananan halittu da suka manne da juna gam. Ƙwayar taifot kuwa ba ta da haƙori balle farce, kuma sai an jera kusan 400 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Abin da masana suka gano shi ne bangon hanjin ne yake miƙa hannu ya rungumo ta ciki, bayan ta yi masa wata dabara. A wannan makon za mu bi diddigin dabarar.

Iyakar da ido ba ya gani

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ɗakuna masu rai kimanin tiriliyan 30, waɗanda malamin bayoloji ke kira sel. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya raɗa musu wannan suna a 1665, da ya leƙa ɓawon itace a madubin ƙara girman abu ya ga ramuka kamar jerin ɗakuna.

Kowane sel a lulluɓe yake da tantani na maiƙo, hawa biyu. Sirantakarsa ta kai a ce sai an jibga kusan 10,000 kafin su yi kaurin takardar littafinku guda. Duk da haka shi ne iyakar ƙasar sel. Wanda ya taɓa zuwa Tsamiya ko Lolo, inda Najeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, ya san yadda iyaka take: akwai abin da ake bari ya wuce, akwai wanda ake tsarewa, akwai kuma jami'an da ke duba takardu su aika da labari cikin ƙasa. Haka tantanin sel yake aiki dare da rana.

Sai dai maiƙo ba ya tsayuwa da kansa. Ku ɗiga man gyaɗa a kan ruwa ku gani, zai baje ne kawai. To me ya sa sel ɗin jijiya yake da tsawo kamar zare, na hanji kuma yake tsaye kamar tubali mai gashi a ka?

Rumfar da ake kafawa ana warewa

A ƙarƙashin tantanin akwai saƙar zaruruwa da ke tallafe shi, wadda ake kira ƙwarangwal ɗin sel. Kada sunan ya ruɗe ku, ku zaci ƙashi ne. Ya fi kama da rumfar kasuwar ƙauye, wadda ake kafa dirkokinta da safe, a ɗaura kara a shimfiɗa zana, da yamma a ware a ɗauke, mako mai zuwa a sake kafawa a wani gefen.

Mafi muhimmanci cikin zaruruwan nan a labarinmu shi ne aktin, wani furotin da Brunó Straub ya fara warewa daga tsokar nama a 1942 a garin Szeged na ƙasar Hangari. Aktin ƙananan dunƙule ne da ke haɗuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ana zura tsakiya a zare. Idan aka yi ta ƙara dunƙule a bakin zaren, sai ya yi tsawo ya tura tantani gaba, sel ya fitar da wani abu kamar ƙafa ko leɓe. Idan aka kwance zaren, wurin ya saki ya koma. Da wannan ɗauri da kwance ne sel yake rarrafe, yake haɗiye abu, yake tsuke tsakiyarsa ya rabu biyu. Ko yankan reza da ya daina jini, aktin na da hannu a ciki, domin ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni kan sauya daga siffar faifai su fitar da ƙafafu su sarƙe da juna cikin ɗan lokaci.

Rumfa ba ta kafa kanta, dole akwai mai cewa a kafa nan, a ware can. A cikin sel, ɗaya daga cikin masu ba da wannan umarni wani ɗan maiƙo ne da ke jikin tantanin ta ciki.

Takarda da hatimi

Sunansa a taƙaice PIP2. Ba shi da yawa, bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na maiƙon tantanin ba. Yana da wutsiya biyu da suka nutse cikin tantani, da kai mai kusurwa shida da ke leƙe cikin sel. A kan wannan kai akwai gurabe uku, na 3 da na 4 da na 5, da ake iya liƙa musu wani ɗan sinadari mai suna fosfet. PIP2 yana ɗauke da fosfet a gurbi na 4 da na 5.

Ku ɗauki kan nan a matsayin takardar ƙetare iyaka, fosfet kuma hatimi. Takarda ɗaya ce, amma ma'anarta tana sauyawa gwargwadon inda aka buga hatimi. Furotin iri-iri da ke yawo cikin sel suna karanta hatiman. Inda PIP2 ya taru, masu ɗaure aktin a jikin tantani kan zo su kama aiki, masu datse zaren kuma a riƙe musu hannu. Wurin sai ya yi ƙarfi. Inda PIP2 ya ɓace, ɗaurin ya kwance, tantani ya saki. Masana biyu a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, Ingrid Lassing da Uno Lindberg, su suka fara nuna a 1985 cewa wannan maiƙo yana kama wani furotin mai kula da aktin.

Masu sauya hatiman su ne enzayim, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai, irin wanda kuka karanta yana narkar da sitaci a cikin yawu. A nan sun kasu uku. Akwai mai buga hatimi, ana ce masa kaines. Idan ya ƙara fosfet a gurbi na 3, PIP2 ya zama PIP3, wanda ma'anarsa ita ce "a yi gaba ta nan, a girma." Akwai mai goge hatimi kamar yadda kilina ke goge fensir, ana ce masa fosfatez. Sai na uku mai almakashi, fosfolaifez C, wanda yake datse takardar gida biyu: kan ya faɗa cikin sel ya je ya buɗe rumbun sinadarin kalsiyam, wutsiyar ta tsaya a tantani ta tayar da wasu ma'aikatan.

Kuna iya jin aikin mai almakashin nan a bakinku. Ku lasa tsamiya, ko ku wuce ta inda ake suyar kifi da yunwa a cikinku. Jijiya za ta kai saƙo ga jakunkunan yawu, almakashi ya datse PIP2, kalsiyam ya fito, yawu ya tsinke, duk kafin ku haɗiye.

An daɗe kafin a gane haka. A 1953 wasu ma'aurata, Mabel da Lowell Hokin, suna bincike a Jami'ar McGill ta Kanada a kan wata gaɓar tattabara mai fitar da ruwan narkar da abinci, suka lura cewa duk lokacin da aka zaburar da gaɓar, wani maiƙo nata yana sauya fosfet da sauri. Aka yi shekara 30 ana muhawara kan amfanin hakan. Sai a 1983 Michael Berridge da abokan aikinsa suka nuna cewa kan da ake datsewa shi ne ɗan aiken da ke buɗe rumbun kalsiyam. Berridge haifaffen Afirka ne, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, kuma da jakar yawun ƙuda ya yi shekaru yana bincikensa a Kambirij.

Yadda sojan jini ke bin sawu

Kafin mu koma kan taifot, mu ga yadda jiki yake amfani da wannan tsari don kare kansa. Ɓargonmu yana ƙera fararen ƙwayoyin jini masu farautar cuta kimanin biliyan 100 a kowace rana. Idan ƙaya ta soki mutum a gona, ƙwayoyin cuta suka shiga, farar ƙwaya takan ji ƙanshinsu daga nesa. A gefen da ƙanshin ya fi ƙarfi, masu buga hatimi sukan tara PIP3, aktin ya yi ta tsawo a wurin, ƙafa ta fito. A sauran sassan kuwa masu gogewa ne ke aiki, suna share duk PIP3 da ya ɓullo. Da ba don su ba, da sel ɗin ya fitar da ƙafa ta kowace fuska ya tsaya cik, kamar jakin da mutum huɗu ke ja ta kusurwa huɗu. Gogewar ce ke sa ya san gabansa da bayansa.

Idan ya cim ma ƙwayar cutar, sai ya tayar da leɓɓa na aktin ya kewaye ta kamar ƙoƙo. Kafin ƙoƙon ya rufe ya zama jaka, dole a share PIP2 daga gindinsa, aktin na wurin ya kwance, jakar ta tsinke ta faɗa ciki. Daga nan a haɗa ta da wata jaka mai ruwan tsami da enzayim masu narkarwa, a gama da ita.

Ɗan fasa-ƙwauri ya zo da tasa kilinar

Sel ɗin bangon hanji ba mafarauci ba ne. Aikinsa tsotsar abincin da ya narke, ba ya haɗiye ƙwayoyin cuta. To ga ƙwayar taifot, wadda masana ke kira Salmonella Typhi, ta biyo ruwan randa, ta tsallake tsamin tumbi, ta iso ƙarshen ƙaramin hanji.

A jikinta akwai wasu ƙananan allurai, waɗanda aka fara ganin hotonsu a 1998. Tana jingina da sel sai ta soka allurar, ta ɗura masa furotin nata. Wasu daga ciki suna tayar da aktin kai tsaye, har fuskar sel ɗin ta tashi ta yi tattara kamar bakin zani mai ado, leɓɓa su miƙe su lulluɓe baƙuwar. Ɗaya daga cikin furotin ɗin, mai suna SopB, enzayim ne mai goge hatimi, irin wanda sel yake da shi. Yana share PIP2 daga gindin leɓɓan, ɗaurin aktin ya saki, jaka ta tsinke ta faɗa ciki da ƙwayar a zaune. Cikin 'yan mintuna an gama, daga baya fuskar sel ta koma yadda take kamar ba a yi komai ba. Mafi yawan wannan bayani an samo shi ne daga nazarin wata 'yar'uwarta mai sa gudawa, Salmonella Typhimurium, kuma ta taifot ma tana ɗauke da allurar da enzayim ɗin.

Aikin SopB bai tsaya nan ba. Yana ci gaba da sauya hatiman da ke jikin jakar, abin da ke taimakawa wajen hana a haɗa ta da jakar narkarwa. Ke nan ƙwayar ta ƙetare iyaka, ta kuma sami masauki. Daga bangon hanji takan faɗa hannun manyan fararen ƙwayoyin jini, su haɗiye ta su kasa narkarwa, su yi mata dako zuwa hanta da saifa da ɓargo. A can take hayayyafa shiru. Shi ya sa mutum kan sha gurɓataccen ruwa yau, zazzaɓi bai tashi ba sai bayan mako ɗaya zuwa uku, lokacin ya manta inda ya sha.

Ƙwayar atini mai sa kashi da jini da majina, wadda ake kira Shigella, ita ma tana da irin wannan allura da nata enzayim mai suna IpgD, wanda yake goge hatimin gurbi na 4. Ɓarayi biyu ne masu sana'a ɗaya.

Haɗarin taifot mafi girma yana komawa inda aka faro. Ƙwayar takan bi ta maɗaciya ta sake zubowa cikin hanji, wuraren da ta fara shiga su kumbura su yi gyambo. Idan ba a yi magani ba, wajen mako na uku hanjin na iya hujewa, ƙazanta ta zuba cikin ciki. Wannan sai tiyata cikin gaggawa, kuma likitocin Arewa sun saba ganin yara da wannan matsala, waɗanda aka kawo a makare.

Idan kilinar jiki ta lalace

Akwai cututtukan da ba ƙwaya ce ke kawo su ba, enzayim ɗin jiki ne yake samun naƙasa. A 1952 likita Charles Lowe da abokansa a Boston ta Amurka suka bayyana wani ciwon gado da ke kama kusan yara maza kaɗai: a haifi jariri da yanar ido, ƙodarsa tana zubar da abin da ya kamata ta riƙe, ƙwaƙwalwarsa tana jinkiri. A 1992 aka gano tushen, wato enzayim OCRL mai goge hatimin gurbi na 5. Idan ba ya aiki, PIP2 yakan taru inda bai dace ba, aktin ya cunkushe hanyoyin da sel ke jigilar kaya.

Wani mai gogewar, PTEN, an gano shi a 1997. Shi ke share hatimin gurbi na 3, wato mai cewa "a girma." Idan ya lalace, umarnin ya tsaya ba mai sokewa, sel ya yi ta rabuwa ba birki. Ana samun lalacewarsa a nau'o'in ciwon daji da dama, har da na mahaifa da na ƙwaƙwalwa.

Inda namu ƙarfin yake

Duk wayon ƙwayar taifot, sai ta isa hanji take iya amfani da shi. A cikin randa ba ta da wata dabara. A jikin mutum kaɗai take rayuwa ta yaɗu, ba ta kama saniya ko akuya, kuma hanyarta ɗaya ce: daga bayan-gidan mai ɗauke da ita zuwa bakin wani. Wasu ma sun warke amma tana ɓoye a maɗaciyarsu, suna fitar da ita ba su sani ba. Don haka a nan ne ɗalibi yake da abin yi.

Ruwan rijiya ko na gulbi, musamman bayan ambaliya, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ko a sa masa maganin kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Alif yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayar. A rufe randa, a keɓe mata moɗa mai mariƙi, kada kowa ya tsoma hannu. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi da kuma kafin a ci abinci, ko da tuwon na jira. A daina bahaya a fili ko a bakin ruwa.

Zazzaɓin da ya wuce kwana uku, ga ciwon kai ga ciwon ciki, na asibiti ne. Taifot da zazzaɓin cizon sauro suna kama da juna, kuma gwajin nan na Widal shi kaɗai yakan ruɗar, don haka a bar wa likita hukunci. Idan an rubuta magani a shanye shi duka ko an ji sauƙi. Shan rabi a ajiye rabi shi ke koya wa ƙwayar jure magani, kamar yadda ya faru a Pakistan tun daga 2016, inda wani nau'inta ya daina jin yawancin magungunan da aka saba. Akwai kuma sabuwar allurar rigakafi da Laberiya da Zimbabuwe suka fara yi wa yaransu a 2021, Malawi ta biyo baya a 2023.

Ga masu sha'awar wannan fanni kuwa, sunansa bayokemistiri, kuma ana karanta shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Zariyan ne marigayi Farfesa Andrew Nok ya yi bincike kan wani enzayim na ƙwayar sammore da ke ƙarar da jinin shanu, aikin da ya sa ya ci babbar kyautar kimiyya ta Najeriya a 2009. Ƙofar shiga ita ce bayoloji da kemistiri da lissafin da kuke yi yanzu a aji.

Wasa ƙwaƙwalwa

1. Kan maiƙon da muka yi bayani yana da gurabe uku, na 3 da na 4 da na 5. Kowane gurbi ko dai da hatimi ko babu. Idan aka cire wanda ba shi da hatimi ko ɗaya, takardu iri nawa za a samu? Ku jera su a littafinku. Adadin da kuka samu shi ne ainihin adadin da masana suka tarar a jikinmu.

2. Me zai faru da farar ƙwayar jini idan masu goge hatimi suka daina aiki, masu bugawa suka ci gaba?

3. Ku zagaya makarantarku ku duba inda ake ajiye ruwan sha. Shin da murfi? Moɗa nawa ake tsomawa? Ku kai wa malamin kula da lafiya abin da kuka gani.

Amsoshi na nan tafe a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.